Irin da Muka Soya Ranar Uku

Shekara tara ke nan da Kaka Habsu ta bar mu. Uwar babana ce. 'Yan ajinmu na iniversite a Maraɗi sun san ni da shaƙiyanci da saurin yatsa, in aka jefo magana a gurup ɗinmu na waya, kafin wani ya gama karantawa na riga na maida amsa. To yau ku yi mini haƙuri, ba wancan Sanin ke rubutu ba. Duk shekara in lokacin nan ya zagayo sai wani abu ya dawo mini a rai, kuma ba mutuwarta ba ce. Mutuwa kowa zai yi. Abin da muka yi kwana uku bayan mutuwar, shi ne ya ƙi wucewa.

Wanda ya san unguwarmu a Dakoro ya san ƙasar. Rairayi ne, ka zuba ruwa, kafin ka juya baya ya shanye. Amma bayan ɗakin Kaka, tsakanin murhu da danga, kore ne shar rani da damina. Ba famfo gare ta ba. Ruwan wankin hatsi, ruwan alwala, ruwan ɗauraye ƙwarya, babu wanda ke zubewa a banza a gidan nan. Tsohon tulu mai tsagewa take binnewa har wuya, ta yi shuka kewaye da shi, ta riƙa cika shi, yana tsattsafowa a hankali saiwa na sha. Kashin awaki da toka su ne takinta. Akwai yakuwa da kuɓewa da lalo, amma sarkin garkar wani ɗan jan wake ne ƙanƙane mai hawan danga. Ɗan danga take ce masa. Ganyensa a yi kwaɗo, 'ya'yansa su nuna tun gero bai fidda kai ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ta ce kakar uwarta ce ta zo da shi, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba, zamanin yaƙe-yaƙe, da suka gudo daga bakin gulbi suka yo arewa. Matar ba ta ɗauko tabarma ba, ba ta ɗauko tukunya ba, sai wake ƙulle a bakin zane. Gari-gari, uwa ta ba ɗiya, har ya iso bayan ɗakin Kaka.

Ni mijinta ne, kamar yadda kowane jika namiji yake mijin kakarsa.

"Maigida," ta kan ce, "tunda cefane ya gagare ka, ko ruwan alwalarka ka kai ma waken."

"Sakinki zan yi, tsohuwa."

"Ka sake ni ka ci mi? Kayen rubutunka na lakwal?"

Bayan la'asar matan unguwa ke zuwa koyo. Ba ta iya dogon bayani ba, sai dai ta miƙa miki hauya ta tsaya a kanki. In kin yi rami da zurfi ta ce, "Gawa za ki sa?" Gida-gida garka ta bazu har unguwar ta yi suna. Doka ɗaya gare ta: kin ɗebi iri cikin tafin hannu, in kaka ta yi ki maido cikin tafin hannu. Sai ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a wani babban tulu, ta liƙe bakin da laka. A nan matsalar ta kwanta ba wanda ya lura. Mace in ta maido nata rabo, sauran sai ta dafa wa yara ƙarƙaf. Don mi za ta ajiye? Ai tulun Habsu na nan.

Mutum ɗaya ce ta karya dokar, Inna Dudu. 'Yar gidan makiyaya ce da fari ya cinye shanunsu suka zauna bakin unguwa. Ba ta taɓa binne ƙwaya a ƙasa ba sai a hannun Kaka. Aka yi girbi, ba ta maido ba. Shekara ta zagayo, shiru. Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, ita ta ja gaban tsegumin. A bakin rijiya aka daina amsa gaisuwar Inna Dudu. Kaka kuwa iyakar abin da ta ce, "Ku bar ta." Ba a jima ba mijinta ya kwashe su suka koma Ɗan Gulbi, aka ce an rabu da macuciya.

Kaka ta rasu cikin bazara, ciwon 'yan kwanaki. Ranar uku baƙi suka cika gida har waje, waken ƙosan sadaka ya kasa. Gwaggo Rabi ta shiga ɗakin mamaciya ta ɓalle lakar bakin tulu. Wata tsohuwa ta ce, "Rabi, iri ne hwa."

"Iri ba wake ba ne? Nata ne, a yi mata sadaka da abinta lada ta iske ta. Ai kowa na da shi gida."

Ba wadda ta hana ta, kowace tana zaton maƙwabciyarta ta ajiye. Aka wanke toka, aka surfa, aka niƙa, aka soya. Liman ya ci, baƙi sun ci, mu 'yan gida mun ci. Har yau ina jin muryar wani baƙo yana cewa bai taɓa cin ƙosai mai daɗin wannan ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsira daga yaƙi a bakin zane, a kaskon tuya ya ƙare, da addu'a a kansa.

Da ruwan farko ya sauka aka shiga aike gida-gida neman iri. Babu. Ko ƙwaya. Aka gwada waken kasuwa, shi kuwa na gona ne, a ƙasa yake yaɗo, awaki suka gama da shi, wanda ya tsira ya bushe da rani. Babu kuma mai tsayawa a kanki ta ce ki binne tulu. Ɗaya bayan ɗaya garkunan suka zama turken awaki, har da tamu.

Wani lokaci in ina kallon bidiyon koyon shuka a wayata portabul, nakan ce, da Kaka za ta leƙo, mi za ta ce? Unguwar da ke rabar da yakuwa kyauta, yau jiran motar Maraɗi take ta kawo mata ganye rabinsa a yanƙwane. Na san ba za ta yi faɗa ba. Za ta dubi ruwan wanke-wanken da ake watsawa a titi, ta dube mu, ta ja bakinta. Wannan shirun nata ya fi zagi ciwo.

Bara wani furoje na masu agaji ya zo koya wa mata garkar bayan gida. Su waɗanda suka koya a hannun Kaka, su ne zaune a tabarma ana nuna musu daga farko. Saurayin da ke koyarwar mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Da ya raba irin sashe, na kanti mai zuwa cikin 'yar leda, sai ya ce, "Iyayena, ba ku da irin gida? Shi ya san ƙasarku. Wannan baɗi sai kun sake nema." Ba wadda ta ɗaga kai. Gwaggo Rabi ta shiga gyaran kallabin da ba abin da ya same shi.

Ranar yatsana ya yi amfani. Na bi gurup-gurup ina jefa saƙon murya, wa ya taɓa ganin jan wake mai hawan danga? Aka yi ta yi mini dariya, wai Sani ya zama tsohuwa. Sai wani ɗan ajinmu mutumin Ɗan Gulbi ya turo hoto: danga lulluɓe da kore, a gidan wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Hutun bakansi na zuwa na hau kabu-kabu sai Ɗan Gulbi.

Ashe Inna Dudu ce, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta ce, "Ɗan wa ne?" Na ce, "Mijin Habsu ne." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Da ta natsu na tambaye ta abin da ya hana ta maido iri.

"Ɗana, mu in an ba ka aron karsana, ba ka maida ta sai ta haihu sau uku. 'Ya'yan naka, uwar ta koma. Ka maida da wuri, ka zagi mai ita. Ni haka na ɗauki waken. Na gaya ma Habsu, ta ce in riƙe."

"To da ya haihu ukun fa, Inna?"

"Na kawo. Shekarar da ta rasu, bayan kaka, na ƙullo shi na zo gaisuwa. Gwaggonka ta tare ni bakin ƙofa, ta ce wadda na cuta ta tahi, mi na zo nema? Ko ruwa ba a ba ni ba. Na koma da ƙullina."

Ku ji fa. A shekarar da muke neman ƙwaya ɗaya ido rufe, irin ya zo da ƙafarsa har ƙofar gidanmu, muka kore shi. Ita ma Kaka, Allah ya jiƙanta, ina da ƙorafi a kanta. Da ta ƙara kalma biyu a kan "ku bar ta", da ba a yi haka ba.

Inna Dudu ta cika mini 'yar ƙwarya. Ta ce, "Ba kyauta ba ce. Naku ne, ya daɗe hannuna."

Na dawo gida, na kori awaki, na shuka. Ranar da ya kama danga na cika gurup da hotuna har aka roƙe ni in bari. Sai ga Gwaggo Rabi da mata a bayanta, ɗauke da babban tulun nan. "Sani, ga tulun matarka. Kai za ka riƙa ajiye muna."

Na karɓa. A gabansu na ɗauki dutse na tsaga gindinsa, na binne shi har wuya, na cika shi da ruwan alwala. Kowace na zuba mata iri a tafin hannu daga ragowar na ƙwaryar, na ce kar ta maido mini. Ta ajiye nata a ɗakinta, in ya haihu uku ta kai wa wadda ba ta da shi.

To mi ya rage na Kaka Habsu? Ɗakinta ya faɗi, tulunta na cikin ƙasa. Waken ya rage, shi ma ba mu muka riƙe shi ba, wadda muka hana wa ruwa ce. Na ce wa Gwaggo mu shirya mu je Ɗan Gulbi mu gaida Inna Dudu. Ta ƙulle irinta a bakin zane, ta ce hanyar ba kyau, sai bayan damina.

Damina ta wuce. Waken ya nuna, Gwaggo ta dafa, ta ce ya yi daɗi. Har yau ba mu je ba.