Ruwan da Ya Yi Kore a Gidanmu na Makera

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a ƙarshen watan Mayu na 1999, kowa a layinmu na Makera yana manne da rediyo ko talabijin, amma mu muna tsakar gida muna kallon Baba yana sauke wasu ƙarafa da ƙaton tamfol shuɗi daga bayan akori-kura. Ni Ladi, shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Baba, wanda ake kira Malam Bitrus, makanikin inji ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma wani manajansu Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa kayan kyauta. Kafin la'asar an kafa ƙarafan a zagaye ƙarƙashin mangwaronmu, an shimfiɗa tamfol a ciki, sai ga wani abu kamar ƙatuwar ƙwarya, tsayinsa ya kawo mini ƙirji. Baba ya ce sunansa suwimin ful, ruwa ake cikawa a yi iyo. Maƙwabta suka yi ta leƙowa ta katanga, amma ba wanda ya yi mana barka. Washegari a coci na ji wasu mata suna raɗa cewa ba banza ba abin ya iso ranar rantsar da sababbin shugabanni, lalle akwai aikin da Baba ya yi wa 'yan siyasa. Wasu kuma suka ce daga masaƙa ya sulalo da shi.

Mutum ɗaya ce ta shigo ta taya mu murna, Inna Rabi, wadda katanga ɗaya ta raba mu da ita. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙosai take soyawa a bakin titi da safe, kuma 'yarta Zainabu sa'ata ce. Akwai 'yar ƙofar langa-langa a jikin katangar da ba a taɓa sa mata kwaɗo ba. Ta nan ake miƙo mana tuwon sallah, ta nan muke miƙa musu shinkafar Kirsimeti, ta nan Zainabu take zuwa mu yi 'yar gala-gala bayan na gama sharar tsakar gida da wanke-wanke. Da ita muka cika tafkin nan. Mako guda muna jan guga a rijiya kafin tafiya makaranta da bayan dawowa, har tafukan hannunmu suka yi kanta, idan an yi ruwan sama kuma mu tara bokitai a bakin indararo mu juye.

Sai ya zamana babu filta a cikin kayan, wato matatar da ke tace ruwan. Baba ya tafi da ni shagon wani mutumin gabas a Kakuri mai sayar da injinan ruwa, Oga Emeka. Ya fito mana da iri biyu. Ɗaya ƙarama ce fara, ba ta wuce babban gwangwanin madara ba, da takarda mai ninki-ninki a cikinta. Ɗayar kuwa kamar tulu take, yashi ake zuba mata, kuma injinta ya fi girma. Oga Emeka ya tambayi faɗin tafkin da zurfinsa, da ko akwai bishiya a kusa, da yawan yaran da za su riƙa shiga. Na ga Baba ya fara tsuke fuska, domin a ganinsa duk wannan tambaya hanya ce ta auna ƙarfin aljihunsa. Da mutumin ya ce mai yashin ce daidai da mu, Baba ya yi wani murmushi irin na wanda ya gano dabara, ya ɗauki ƙaramar. A hanya ya ce da ni ɗan kasuwa ba ya taɓa nuna maka abin da kake bukata, sai abin da ya daɗe a shagonsa.

Kwana goman farko ba zan manta da su ba. Ni da ƙannena biyu da Zainabu muka koyi nutso muna toshe hanci, muna jefa murfin kwalba a ƙasa muna rige-rigen ɗaukowa, har sai leɓunanmu sun yi fari Mama ta kore mu da tsintsiya. Daga nan ruwan ya fara dishi-dishi. Bayan kwana uku ya koma kore shar, bangon tamfol ya yi santsi, wani ƙarni yana tashi. Ƙanena ya tashi da jajayen idanu, ni kuma ƙuraje suka feso mini a wuya. Baba ya kasa kunne ya ji injin yana kuka yadda ya saba, ya ce to ba daga nan matsalar take ba. Mama kuwa tuni ta yanke hukunci. Ta ce ruwa ba ya lalacewa haka kawai a gidan da ido ya yi wa yawa, akwai hannun mutum a ciki. Ta fara lissafa waɗanda suka leƙo ta katanga, da waɗanda suka daina amsa gaisuwarta da kyau. Ta hana mu karɓar ko gyaɗa daga hannun kowa a layin.

A nan ne na yi abin da har yau yake damuna. Wata safiya kafin ruwan ya lalace, na fito zan kama ruwa sai na ga Inna Rabi ta shigo ta 'yar ƙofar da bokiti, ta sunkuya a bakin tafkin, sannan ta koma. Famfo bai kawo ruwa ba kwana biyu, kuma igiyar gugansu ta tsinke, na san da wannan. Amma da na ga Mama tana neman suna, kowa ya yi tsit yana sauraronta, sai na ji ina so a saurare ni nima. Na ce na ga Inna Rabi da sassafe a bakin ruwan da bokiti. Mama ta tambaye ni ɗiba ta yi ko zubawa. Na san amsar, amma na ce ban gani sosai ba.

Mama ba ta yi hayaniya ba. Ta tsaya a bakin 'yar ƙofar ta kira Inna Rabi, ta tambaye ta me ta zo yi gidanmu da bokiti ba sallama. Inna Rabi ta ce ruwan wanke wake ta ɗiba, ba ta so ta tashe mu daga barci ba. Da ta fahimci inda maganar ta dosa, sai ta dube ni, sannan ta dubi Mama.

"Maman Ladi, ni ce na yi miki wankan jego na yaron nan da kike cewa na sa wa ciwon ido," in ji ta. "Allah ya sani."

Da yamma Baba ya sa wa ƙofar kwaɗo. A makaranta Zainabu ta ɗauke jakarta daga bencinmu ta koma baya.

Mun kwashe ruwan, mun wanke tamfol da omo, ni da ƙannena muka sake cikawa mu kaɗai. Ƙofa a kulle, ba mai shigowa, amma cikin mako biyu ruwan ya sake yin kore. Sai zargin ya koma kan Oga Emeka, Baba ya ce jabun kaya ya sayar masa, ya je ya taho da shi har gida. Mutumin bai yi musu ba. Ya kwance filtar ya zaro takardar, ta yi baƙi ƙirin, ta toshe da gansakuka da ɓarɓashin ganyen mangwaro. Ya sa Baba ya tara hannu a bakin bututun da ke mayar da ruwa, ɗan tsiyaya ne kawai yake fitowa. Ya yi bayani cewa dole duk ruwan tafki ya ratsa ta cikin filta kowace rana, wannan kuwa an yi ta ne don ɗan bahon yara, ko sabuwa ce sai ta kwana uku ba ta zagaye namu ba, balle ga ɗauke wuta. Takardar kuma sai an riƙa wankewa ana canzawa, ga ta da wuyar samu a Kaduna, alhali mai yashi juya mata ruwa kawai ake yi ta baya ta wanke kanta. Ya ƙara da cewa ko da babbar filta, sai ana zuba maganin ruwa a kai a kai, ana rufe tafkin saboda bishiya.

"Oga, ba wanda ya yi maka komai," ya ce. "Na faɗa maka tun ranar farko, ƙaramar ba za ta iya ba."

Baba ya karɓo mai yashin, ruwan ya washe har ana ganin ƙasan tamfol. Mama ta cire kwaɗon da kanta, ta aike ni da kwanon shinkafa. Inna Rabi ta karɓa ta yi godiya, ta juye ta ba ni kwanon, amma ba ta sake bi ta ƙofar nan ba, Zainabu ma haka. Kullum ina cewa gobe zan gaya musu cewa na san ɗiba ta yi. Shekara ba ta zagayo ba rikici ya ɓarke a garin, suka kwashe kayansu suka haye tsallaken kogi zuwa arewacin gari kamar yadda Musulmi da yawa na unguwarmu suka yi, ba mu ko yi sallama ba.

Yanzu masaƙun sun yi shiru, gidajen layinmu duk sun ɗaga katanga sun ɗora mata waya, yarana ba su san sunan yaran maƙwabtansu ba. Idan aiki ya kai ni arewacin gari nakan rage tafiya wajen masu suyar ƙosai, ina duba fuskokin matan da suka kai shekaruna. Ban san ko zan gane Zainabu ba idan na gan ta. Amma na san abin da zan fara gaya mata.