Lamba sha shida da rabi

Jama'a, yau rigata ta samu aiki, ni ban samu ba!

Yau ne ake ɗaukar sakatare a porjen nan, ma'aikatar raya karkara ta hanyar Kornaka. Da kawuna Alhaji zai tahi Kano sarin kaya, na roƙe shi ya sayo min farar shemiz mai dogon hannu, lamba 42. Jiya ya miƙo min ita cikin leda. Na hango lambar wuya ta cikin ledar, 16½! Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, sha shida? Ni ɗan lakwal ne, yaron firamare?" Ya ce, "Gwada dai." Ko ledar ban buɗe ba, na aje mishi na hita.

Na ruga kasuwa na sayi ta gwanjo mai 42. Ashe wanki ya tsuke ta! Maɓallin wuya ma ya ƙi shiga.

Da sahe na isa buro, ofishin porjen, wa zan gani? Salisu maƙwabcinmu, da muke jiki ɗaya, cikin farar shemiz, ta zauna mishi kamar tela ya auna. Na ce, "Ina ka samo wannan?" Ya ce, "Alhajinku ya ba ni. Ai 16½ na Najeriya shi ne 42 namu, su da inci suke auna wuya."

Gaban direkta na miƙa hannu mu gaisa, hammatar rigata ta ce ɓarrr! Salisu aka ɗauka.

Na dawo na iske Kawu ƙofar gida. Ya dubi hammatar, ya ce, "Ɗan lakwal, an taso?"