Gidan Maƙera da Aka Tsallake

Garin da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina goyon fari aka tashe mu, aka zube mu a wannan tudu, mazajenmu da ba su san komai ba sai fartanya suka koma koyon jefa taru da ban ruwa. Gari ya nutse, amma ni ban bari ya nutse a bakina ba.

Muna da abin da muke kira zagayen gari. In ana biki, an ci an sha, sai mata su shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. In fara daga tsamiyar ƙofar gabas, in bi lungu-lungu ina kiran kowane gida da sana'arsa da rijiyarsa da wanda ya haifi wane. Gidan da na iso, matan zuriyarsa su rangaɗa guɗa. Ba a tsallake gida. In mai zagaye ta tsallake naku, to ta shaida wa jama'a ke nan ku ba 'yan gari ba ne, cin rani ya kawo kakanninku. Ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi a takarda ba, amma a tambaya daga nan har Kiru ko an taɓa jin na yi tuntuɓe a zagaye.

Cikin waɗanda muka taso tare a tsohon gari saura mu biyu, ni da ƙawata 'yar gidan maƙera. Katangarmu ɗaya a can, nan ma da ake rabon filaye roƙo muka yi aka haɗa mu. Idonta ya tafi tuntuni, kunnenta kuwa ras yake. Akwai magulmata masu cewa maƙera zuwa suka yi daga wani wuri, ni ce nake toshe musu baki. In na iso gidansu nakan daɗe, in faɗi kakanta da garmarsa ta noma rabin gonakin gari, ita kuma ta yi guɗa har ɗankwalinta ya zame.

Bara bayan girbi 'yan gidan talabijin suka zo daga Kano, wata yarinya mai ɗaukar labari da wani saurayi mai riƙe da na'urar hoto. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, wannan ba zan ci haƙƙinta ba.

"Inna, labarinki muka ji. So muke mu ɗauki zagayen nan, ya zauna har tattaɓa-kunne."

"A akwatin talabijin za ku sa ni?"

"A'a Inna, akwati ai ya zama na tsofaffi. Mun buɗe shafi a waya, can jama'a suka koma."

"To 'yar nan, tsohuwa kika zo nema kina kuma zagin tsofaffi?"

Muka yi dariya. Na ce sharaɗina ɗaya ne, ba a tsallake gida. Ta dafa ƙirji ta ce ko ɗaya.

Suka ce tsakar gida ba ta yi musu ba, sai bakin ruwa, don dam ya fito a bayana. Na ɗaura zanen sallata aka kai ni. Ƙawata ba ta je ba, ciwon ƙafa ya hana ta, sai ta aiko a ce mini in gyara musu gidansu da kyau tunda duniya za ta ji. Na fara da tsamiya, na shiga gidan liman, na fito. Ina sa ƙafa gidan maƙera wani mai lambun tumatir kusa da mu ya tayar da injin ban ruwa. Saurayin ya yamutsa fuska. Ni kuwa na ɗaga murya na ci gaba, na ba maƙera haƙƙinsu har da ƙari. Tun hantsi nake zagaye sai da aka kira azahar na rufe da maƙabarta, inda mahaifiyata take. Nan ne na share ido.

Ba a jima ba abu ya fito a waya. Matar jikana ta kawo mini in gani. Wallahi bai kai tsawon alwala ba. An sa sarewa mai ban tausayi a ƙasa, ga ni ga tsamiya, ga gidan liman, sai hoton ruwa ya rufe fuskata, muryata kuma ta zarce gidan masaƙa sumul, kamar haka na faɗa. Daga nan sai ni ina share ido, shi ke nan. Mutanen yammacin gari ba su ji haushi ba, kowa ya gane ba a iso su ba ne. Amma ko yaron goye ya san tsakanin liman da masaƙa akwai gida.

Kafin in yafa mayafi an riga an kunna wa ƙawata. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki.

"Ƙawa, yanka suka yi. Na faɗe ku, Allah ne shaida."

"Muryar wa na ji?"

"Tawa ce, amma..."

"To ni ido ne ba ni da shi, ba kunne ba. Daga liman kika faɗa masaƙa ko numfashi ba ki ja ba."

Na yi rantsuwa, na yi bayani. Yaya za ka fahimtar da wadda ba ta gani cewa ana datse magana a ɗinke ta ba a ji ɗinkin ba? Ni kaina da ba bakina ba ne da ban yarda ba.

Na sa aka kira mini yarinyar a waya. Ta ce ba ita ke yanka ba, akwai mai wannan aikin a ofis, bai taɓa zuwa garinmu ba, ya ji ƙarar inji a wurin ya cire. Wai an ce musu abin shafi in ya yi tsawo mutane wucewa suke yi, kuma kullum sai sun ɗora sabo.

"Amma Inna an kalle ki fa sosai, har a ƙasashen waje ana ta yabo."

"Waɗanda ke yabon, wa ya san gidan ubansa a ciki? Turo mini dogon in kunna mata."

Ta ce an goge, wurin ajiyarsu ya cika. Zagayen da aka ce zai zauna har tattaɓa-kunne bai kai ganin watan gaba ba. Sai ta ce za ta rubuta gyara a ƙarƙashin hoton, a san akwai gidan maƙera.

Na ce, "Makauniya za ki rubuta wa?"

Da damina ta kusa aka yi bikin wata jikar masaƙa. Aka shimfiɗa mini tabarma, ƙawata na gefe surukanta sun kawo ta. Na fito gidan liman na shiga na maƙera, na daɗe a ciki fiye da kullum. Na faɗi kakanta da garmarsa, na faɗi zugazugin da ke tashin mu da asuba, na faɗi kanyar da muke hawa ni da ita. Na tsaya ina jiran guɗa. Surukan suka sunkuyar da kai, don ba mai fara guɗa kafin babba.

Ƙawata ta juyo da fuskarta inda muryata take, ta ce, "Wannan na cikin gida ne. Na duniya kin riga kin yi."

Har yau gajeren nan yana yawo a wayoyin mutane, jikokinmu da ke birni shi suka sani, shi za su koya. Ƙawata kuma tana nan bayan katangata, ina jin tarinta da safe. In na yi sallama takan amsa, ba ta ƙara komai a kai. Ana kirana biki ina zuwa, ina kuma shiga gidan maƙera kamar yadda na saba, in tsaya, in ji shiru, in wuce gidan masaƙa.