Makullan da Galo Ya Bari

Ranar Talatar, tun gari bai gama wayewa ba Zoila ta ji ƙarar makullai a kicin, ta san Galo ya tashi kuma ɓarna yake yi mata. Ko da ta fito, ta iske shi yana juye sauran romon dankalin jiya cikin robarta mai murfi, wadda ita kaɗai ta rage mata. Ɗanta ne ɗaya tilo, ya ba talatin baya, amma har lokacin ita ke ɗinke masa aljihun wando, domin tarin makullan da yake yawo da su ba sa barin aljihu ya zauna lafiya.

Ta tambaye shi ina sauran robobinta. Ya ce suna nan, za su dawo. Ta ce bara ma haka ya ce.

"Wai ita wannan Doña Targelia ɗin ba ta haihu ba ne, sai ɗan wata?"

"Ba ta da kowa, Mama. Ƙafa ta ƙi, ba ta iya saukowa. In ban buɗe mata ba, babu mai buɗewa."

Zoila ta ce Allah ya ba da lada, amma robar ta dawo. Ba ta tambayi inda matar take ba. Ta daɗe da daina yi masa irin wannan tambayar, saboda in ka tambayi Galo hanyar wani gida, sai ya faro maka daga shekarar da aka haƙa harsashinsa.

Karatun zanen gine-gine ya shiga a jami'a, yana dab da gamawa ya ajiye. Wai ba zai zauna yana zana sababbin gidaje ba alhali ga tsofaffi nan babu mai ɗaga kai ya dube su. Ya sayi koriyar lema, ya je babban dandalin tsohon birnin Quito ya tsaya, yana tara baƙi yana zagayawa da su a ƙafa. Zoila, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da lissafi a sakandare, ba ta taɓa gane wannan lissafin ba, kuma ba ta ɓoye masa ba.

Sauran masu zagayawa da baƙi coci-coci suke kai mutane su ga zinariya a bango. Shi Galo gidajen mutane yake shiga da su. A bayan manyan ƙofofin katakon nan akwai tsakar gida mai ginshiƙan dutse, wani daɓen an yi shi da tsakuwar kogi an jera ƙasusuwan shanu a ciki don ado, sai ya durƙusa yana nuna wa baƙi da yatsa. Masu gidajen yawanci tsofaffi ne, sun gaji da saukowa buɗe masa, suka riƙa miƙa masa makulli ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya sa wa alama. Da hannu yake gane su, ko aljihun ba ya dubawa.

Da hantsi yana dandali. Ya ɗan yi cacar baki da Fausto, abokin sana'arsa, kan wasu Jamusawa da kowannensu ke cewa shi ya fara gani, sannan ya wuce da su. Da rana ta take ya kira Zoila a waya ya ce ta kwashe shanya, hadari na taruwa a kan dutse. Ta ce tana da ido. Ya ce kansa na ɗan sara masa, ta ce ai dole, mutum yana wuni a rana bai sha ruwa ba. Aka yi ruwan yamma kamar kullum, ya fita zagaye na biyu a cikinsa. Da baƙin suka watse ya zauna a matattakalar wani coci, ya ce wa mai sayar da furanni ta ba shi wuri ya ɗan huta, sai ya kife gefe guda. Likita ya ce wata jijiya ce ta fashe a cikin kansa. Kafin Zoila ta isa asibiti ya riga ya cika.

Aka binne shi ranar Alhamis. Sai da safiyar Juma'a, da gida ya yi shiru, ta buɗe ledar da asibiti suka ba ta. Riga, wando, jaka, waya, makullai. Ta ɗaga makullan ta ji nauyinsu, nan take maganar kicin ta faɗo mata. Ta duba jakarsa, babu robar romo, wato ya kai wa Targelia romon ranar Talata. Daga nan kuwa babu wanda ya buɗe mata.

Wayar a kulle take. Ta birkice ɗakinsa, babu komai sai littattafai da guntayen tubali da ya tsinto a gidajen da aka rushe. Ta kira Fausto.

Fausto mutum ne mai jiki, ya girmi Galo nesa ba kusa ba, kuma tun a wurin jana'iza idonsa bai bushe ba. Ya ce bai taɓa jin sunan Targelia ba. Ya san dai hanyar da Galo ke bi, tunda sau tari yana biye da shi da nasa baƙin. Babu wata dabara, in ji shi, sai su bi hanyar suna gwada makullai ƙofa-ƙofa.

Tun kafin su bar dandali Zoila ta gane irin wunin da ke gabanta. Fausto ba ya iya wuce baranda bai tsaya ba. Sai ya ɗaga hannu ya fara bayanin wane maƙeri ya murɗa ƙarfen, da yadda girgizar ƙasa ta karkatar da ita.

"Fausto, ni baƙuwa ce?"

"Yi haƙuri, Malama. Bakin ne ya saba."

A ƙofar farko ta gwada makulli bayan makulli, masu wucewa na yi mata wani irin kallo. Da ƙofar ta buɗe, wani tsoho ya fito da sanda a ɗage, ya ɗauka ɓarayi ne. Da ya ji ko wace ce ita da abin da ya faru, ya yar da sandar ya zauna a ƙasa yana kuka. Dole ta jira ya natsu, dole ta karɓi gahawar da ya dafa. Targelia kuwa bai santa ba. Gida na gaba wasu 'yan'uwa mata biyu ne, su ma ba su ji ba, suka riƙe ta sai an yi addu'a, kuma addu'arsu ba gajera ba ce. Haka aka yi ta yi. Duk ƙofar da ta buɗe sai ta sake faɗin mutuwar ɗanta da bakinta, sannan ta koma tana rarrashin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Kowa da labarinsa: ya gyara wa wannan famfo, ya raka waccan asibiti. A gida kuwa ƙwan fitilar banɗaki ya mutu tun kafin bikin Ista, kullum sai ya ce gobe.

Ta fara katse mutane. Kafin su buɗe baki ta ce ya rasu, an binne, sun san wata Targelia? Fausto ya ce mata a hankali wannan ba tsari ba ne. Ta ce su waɗannan sun karya kumallo, wadda suke nema fa?

Sai wajen tsakar rana suka sami wanda ya san sunan: Don Rigoberto, mai gyaran mutum-mutumin waliyyai, yana zaune a shagonsa yana manna wa wani mutum-mutumi hannu. Ya ce ya santa sarai, a da ita ke ɗinka wa waliyyan da ya gyara 'yan riguna. Shi duk zatonsa ta mutu, ko ɗan ƙanenta ya ɗauke ta zuwa Sifen. A layin bayan kasuwa take, a saman bene, ƙasan kuma an ba wani mai sayar da robobi haya ya mai da shi sito. Wane gida ne, ya manta.

Layin gaba ɗaya haka yake. Gidajen da mutane suka tashi an mai da su sito, kowace ƙofa da ƙaton kwado. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu makullin da ya shiga ko guda. Zoila ta buga ƙofofi da tafin hannu, ta ɗaga kai tana kiran sunan, amma ƙarar motocin haya ta shanye muryarta. Gwiwarta ta hagu ta kumbura. Sai kuma ga ruwa.

Suka fake a zauren gidan ƙarshe na hanyar Galo, a layin da ke gaba. Dogon gida ne da babu kowa a ciki. Masu shi suna Italiya, sun bar wa Galo makulli ya riƙa buɗewa iska na shiga. A samansa yake ƙare kowane zagaye, saboda daga can ana hango ƙubbobin birnin duka. Fausto ya ga yadda fuskarta ta yi, ya so ya ɗan sassauta mata, sai ya kawo tsokanar da suke yi wa Galo a dandali. Wai kullum in ya hau da baƙi sai ya ce su yi ta ɗaukar hoto, shi kuma ya ɓace, har wasu su yi ƙorafi. Su dai sun yanke cewa budurwa ya ajiye, suna ce masa ango.

Zoila ta juyo ta dube shi.

"Ya ɓace ina? A saman rufi?"

Fausto ya juya ya dubi matattakalar benen.

Ta hau da gwiwar a haka, tana dafa bango. A saman, bayan tankin ruwa, akwai gajeriyar katanga da ta raba gidan da na bayansa, da wata 'yar ƙofar ƙarfe da ba ta kai kafaɗar mutum ba. Wani ɗan siririn makulli da ta yi ta tsallakewa tun safe, don ya yi wa ƙofofin titi ƙanƙanta, shi ya juya.

Suna sauka 'yar matattakala suka ji murya daga ciki, a dishe amma da ƙarfinta:

"Sai yanzu, ɗan banza? Ka bari na mutu mana, ka kawo Turawanka su ɗauke ni hoto."

'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, a kan kujera, an naɗe ƙafafu da bargo, tukunya da ludayi a cinyarta. Da su ta yi ta bugawa a bakin taga, babu wanda ya ɗaga kai. Biskit da kifin gwangwani ta ci har suka ƙare, ruwa kuwa akwai famfo a ɗakin. Maganin hawan jininta ya ƙare tun jiya. A kan kanta robobin Zoila ne a jere, an wanke su tas.

Ta dubi Zoila, ta dubi makullan da ke hannunta, ta daɗe tana dubansu.

"Ke ce Malamar?"

"Ni ce."

"Ina yaron?"

Zoila ta faɗa mata, a taƙaice, kamar yadda ta wuni tana yi. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ludayin a hankali, ta ce ai ta sani, domin ko ranar da aka rufe tituna ana zanga-zanga sai da ya zo.

Fausto ya sauka sayo burodi da madara da magani. Kafin ya dawo Zoila ta ji sauran bayanin. Mai robobi in ya tafi saro kaya kan iyaka, kwado yake danna wa ƙofar titi. Mai gidan kuma jira yake tsohuwar ta gaji ta tashi ya ba da saman ma haya; da ya san da ƙofar rufin, da tuni ya sa an toshe ta da bulo. Shi ya sa ta sa Galo ya yi mata alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. Ya so ya saya mata waya, ta ƙi, wai ba ta magana da wanda ba ta gani.

Zoila ta tsaya bakin taga, ranta na tafasa. Makulli ɗaya, a aljihun mutum ɗaya, kuma ko uwarsa bai gaya wa ba. Mutum ya yi shekaru a jami'a yana koyon cewa ba a ɗora gini a kan ginshiƙi guda. Faɗan ya zo mata har baki, tsaf, da kalmominsa a jere, irin wanda take yi masa a kicin yana tauna burodi yana dariya. Ta juya ta ɗauki tukunyar ta ɗora ruwan zafi.

Washegari ta je wurin mai yanka makulli aka yi mata uku-uku, na dogon gidan da na 'yar ƙofar. Ta ba Fausto, ta ba Don Rigoberto, ta riƙe nata, suka raba ranaku. Doña Targelia ta yi mita cewa an tona mata asiri, kuma romon Fausto ruwa ne zalla. Zoila ta ce ta yi ta mitar.

Sauran makullan ta mayar wa masu su, wannan karon ta zauna ta sha gahawar kowa har ƙarshe. Fausto ya ɗauki lemar. Littattafan ta kai ɗakin karatu na jami'ar da ya bari, tufafin ta kai coci. Guntayen tubalin Don Rigoberto ya karɓa, ya ce yana niƙa irinsu in zai haɗa launi. Takalman babu wanda za a ba, duk ƙasansu ya cinye, ta sa a shara. Makulli uku suka rage da ba a sami ƙofarsu ba. Fausto na ganin na gidajen da aka riga aka rushe ne. Suna cikin durowar kicin, tare da cokula.