Hannun da Ɗana Ya Miƙa wa Alhaji

A gidana komai da tsarinsa. Yaro ya dawo daga makaranta, ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya gaida uwarsa, sannan ya ci abinci, kuma da hannun dama. Haka aka yi mini a Kano, haka nake yi wa nawa a Greensboro, nan ƙasar Turawa. Ɗana na fari bai taɓa saɓa wannan ba, amma abu ɗaya ya gagare ni a kansa: ba ya magana. Yana da shekara goma sha biyu, amma in baƙo ya shigo sai na tasa ƙeyarsa kafin ya gaishe shi, kai a ƙasa, murya kamar ta sauro.

Wata rana ya dawo da zancen wasan takobi, wai an nuna musu a makaranta. Ban taɓa jin ya roƙi abu sau biyu ba sai ranar, don haka na kai shi. Wurin wani tsohon sito ne a bayan manyan kantunan Wendover, kusa da inda nake aikin lodi. Kocin dattijon Bature ne mai ciwon gwiwa. Ya auna yaron da ido, ya shiga ciki ya fito da jaka: farar riga mai kauri, hular raga mai rufe fuska, safar hannu ta dama, da siririn takobi marar kaifi. Ya ce aro ne, na yaran da suka girma.

Tsarin wurin ne ya zaunar da ni. Da farko yaro zai ɗaga takobi ya gaida abokin karawarsa, ya gaida alƙali, sannan ya sa hula. Ba mai motsi sai alƙali ya ba da izini. In an gama, a cire hula, a sake gaisuwa, a yi musabaha. Wanda ya yi fushi ya jefar da hula, benci ne makomarsa, ko ɗan wane ne. Iyaye ma ba a bar mu a zaune ba: wata tana naɗe wayoyin na'urar ƙirga maki, wani yana gyaran takubba, ni aka ba ni sharar dogon layin da ake karawa a kai. Kafin shekara ta raba, kafaɗun ɗana sun miƙe. Duk na ga wannan, amma ban taɓa lura da hannun da suke musabaha da shi ba.

Da Babbar Sallah mutanenmu kan haɗu a wata gona a McLeansville don yanka. Babbanmu shi ne Alhaji, ɗan zangon Kumasi, wanda ya sauke ni a ɗakinsa da na zo garin, shi ne kuma ya yi wa ɗan nan huɗuba. Yana zaune a inuwa, dattawa sun kewaye shi. Ban gama kashe mota ba yaron ya fita, ya nufe shi kai tsaye, ya miƙa masa hannun hagu.

Alhaji ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Na daman ya tafi aikin Hajji ne?"

Aka yi dariya. Wani ya juyo ya ce da ni, "Malam, kai da muke kwatance da tarbiyyar gidanka?"

A hanyar komawa na tambaye shi dalili. Ya amsa da Turanci, wai haka ake yi a wurin wasa. Na ce to wasan ya ƙare. Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai, kuma kan bai sake ɗagowa ba duk satin.

Kayan aro ba a aikawa da su, wanda ya karɓa shi ke mayarwa. Ranar Asabar na ɗauki jakar na kai wa kocin, na gaya masa abin da ya faru. Ya saurara har na gama. Ya ce a wurinsu hannun dama yana cikin safa, yana riƙe da takobi, shi ya sa ake ba abokin karawa hannun da ba komai a cikinsa. Sannan ya tambaye ni yadda ake gaida babba a wajenmu. Na nuna masa: hannun dama, na hagu ya tallafe shi, a rusuna. Ya gwada, gwiwar ta hana shi rusunawa sosai.

"Na koya masa gaisuwa, ban koya masa inda ta tsaya ba," in ji shi. "Wannan aikina ne."

Bai roƙe ni ba. Ya rataye jakar a ƙusa, ya ce ba zai ba wani yaro ba sai ya ji daga gare ni.

Saura ban haƙuri. Washegari bayan Azahar muka sami Alhaji a kusa da tashar bas ta cikin gari, inda yake ajiye tasinsa, yana cin wake da shinkafa. Yaron ya rusuna ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Wa ya koya maka hagu?" in ji Alhaji.

Na buɗe baki zan amsa.

"Malam, ba da kai nake ba."

Yaron ya fara a hankali, Hausa da Turanci a cakuɗe. Da bayani ya ƙi, sai ya ari lemar Alhaji, ya tsaya a gefen titi, ya nuna yadda ake tsayuwa, yadda ake ɗaga takobi, da yadda hannun hagu ke fitowa a ƙarshe. Alhaji ya ajiye cokali yana jefa masa tambayoyi. Tun da aka haife shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya rufe da cewa, "Amma Baba ya ce na daina."

Alhaji ya dube ni.

"Ku 'yan Kano akwai saurin yanke hukunci. Hannu na ƙi karɓa, ban ce a karya takobi ba. Shekara nawa kana turo mini yaron nan kamar akuyar da za a kai kasuwa? Ranar Sallah da ƙafarsa ya zo. Kai ba ka ga wannan ba, hagu kawai ka gani."

Na ce, "Alhaji, ai kai ma hagun ka gani."

"Ni tsoho ne, ina da izinin ganin duka biyun."

Asabar ta gaba muka koma wurin wasan, har da Alhaji da babbar rigarsa. Kocin ya sauke jakar daga ƙusa. Ya kuma ƙara wa ɗana mataki ɗaya a ƙarshen tsarin, ya sa shi maimaitawa har ya zauna masa: in ya sauka daga layi, ya ajiye takobi, ya cire safa, kafin ya gaida kowa.

A karawar farko an cinye shi. Ya cire hula, ya ba abokin karawarsa hagu, ya sauka, ya ajiye takobi, ya zare safa, ya zo gaban Alhaji ya rusuna da hannun dama.

Alhaji ya karɓa, ya riƙe hannun, sannan ya yamutsa fuska ya goge tafinsa a jikin riga.

"Wannan hannun duk gumi ne, har wari yake. Da ka sani ka ba ni hagun."

Ɗana ya yi dariya a gaban mutane. Ni kuma na ɗauki tsintsiyata, don an kira masu karawa ta gaba.