Karen da Na Ɗaure a Bakin Ruwa

A garinmu, can bakin kogin Kwara, yaro bai gama koyon tafiya ba ake fara koya masa zama da kada. Ba a faɗa da shi, ba a kuma barin gari saboda shi. Mata na wanki, masunta na fita, shi kuwa yana kwance a tsallake yana shan hantsi kamar shi ya haƙa kogin. Dokokinsa kawai ake kiyayewa: kar ka riƙa ɗiban ruwa a wuri ɗaya kullum, kar ka juya wa kogi baya, kar kuma ka kuskura ka ɗaure dabba a bakin ruwa. A kan ta ƙarshen nan mahaifina ya taɓa marina, ranar da na turke akuya a gaɓa na tafi wasa. Akuyar ba abin da ya same ta, amma kunnena ya yi kwana uku yana ƙara.

Bayan shekaru masu yawa na tsinci kaina a Madina, ina aikin gonar dabino a Al-Awali. Babu kogi, babu kada. Ruwan da nake gani shi ne na birka, wato wani tafkin siminti da inji ke cikawa daga rijiya, daga nan ya bi magudana zuwa gindin itatuwa, ragowar ta fice ta wata kafa a ƙarƙashin katanga. Na ɗauka na rabu da zaman maƙwabtaka da abin da ke cin nama. Ashe wani sabo ke jirana.

Karnukan daji ne. Da can, in ji waɗanda suka riga ni, suna nesa, cikin baƙaƙen duwatsun bayan gari. Sai gidaje suka yi ta matsowa har suka kewaye gonaki, kowane gida da durom ɗin shararsa cike da shinkafa da ƙashin kaza. Karnukan suka bi abinci suka shigo unguwa, garke guda, bakwai ko takwas, ramammu masu dogayen ƙafafu. Ba sa haushi sosai. Za ka fito sallar asuba ka gan su tsaye a bakin titi suna kallonka, kai ma ka kalle su, kowa ya kama gabansa.

Mu ma muna da kare a gonar, na gadi. Na tarar da shi ne, ba ni na kawo shi ba. Kafilina, mai gonar, ya nuna mini shi ranar farko ya ce abincinsa da lafiyarsa suna wuyana, ya shiga motarsa ya tafi, kuma sai ya yi wata bai leƙo ba. Karen ja ne, kunnensa ɗaya a karye, ga shegen kwaɗayi. Gaskiya ban so shi ba. Na baro iyalina na zo garin Manzo, a ce kuma aikina har da renon kare? Ina zuba masa abinci daga nesa, in ya matso in daka masa tsawa, don kar yawunsa ya taɓa mini tufafin salla. Shekara huɗu muna tare hannuna bai taɓa jikinsa ba. Shi ko a jikinsa. In na hau dabino yana gindi yana jira, in na sauko ya bi ni zuwa na gaba, in na zauna cin abinci ya kwanta can gefe yana lissafa mini loma. A gonar da za ka wuni ba ka ji muryar mutum ba, na wayi gari ina yi masa magana da Hausa, har ina ba shi labarin gida.

Sau biyu garken suka tare shi a waje. Duka biyun gudu ya cece shi, don ya san gonar fiye da su, kuma akwai rufin ɗakin inji da yake iya hayewa da tsalle ɗaya, su ba sa iyawa. Zai dawo yana ɗingishi, ya kwanta kwana biyu, ya tashi.

Jikin katangarmu ta gabas akwai gidan wani dattijo, haifaffen Madina, wanda kakanninsa suka zo hajji a ƙasa daga ƙasar Kano ba su koma ba. Baba nake ce masa. Yana da tumaki uku a bayan gida, don ya ce tsufa ba tare da abin kiwo ba zaman jira ne kawai. Wata safiya ya kira ni ta kan katanga, idonsa ja.

"Ya waladi, ɗana, zo ka gani. Kilab ɗin nan, karnukan nan, sun shiga mini. Tunkiya mai ciki, wallahi, mai ciki!"

Na je na gani, na yi masa jaje. Ya ce an sha kiran hukuma, sun zo sun kwashe wasu, bayan wata guda wasu suka maye gurbinsu.

"Halas, shi ke nan, na gaji," ya ce. "Zan sa musu guba a nama. Amma intabih, ka kula da naka. Kar ka ce ban faɗa maka ba."

"Baba, wannan karen ko takalmi ka shafa wa mai sai ya ci."

"To ka ɗaure shi mana. Ni ma dabbobina rai gare su."

Ban iya musa masa ba, don gaskiya ya faɗa.

Daga ranar wahalata ta ninku. Kullum bayan asuba sai na zaga katanga ciki da waje da sanda da buhu, ina neman guntun nama, don hankaki ko kyanwa kan ja shi su yar a cikin gona. Sau uku ina tsinta. Kafar magudanar nan da karnukan ke bi su shigo na toshe ta da duwatsu, ruwa ya taru ya ture su. Na sa bulo, karnukan suka tona gefensa. Na sa waya, ta yi tsatsa ta ɓalle. Ga shi lokacin nunar dabino, rana kamar ta narka mutum, ina hawa ina sauka tun safe, ido ɗaya a kan aiki ɗaya a kan kare. In ya ɓace mini na minti goma sai gabana ya faɗi, in sauko in yi ta kiransa, in same shi kwance a inuwa yana kallona kamar ni ne mahaukacin. Na gaji. Na gaji da karnukan daji, na gaji da gubar Baba, na gaji da karen kansa, har akwai ranar da na ce a raina da ma ya ci ya mutu kowa ya huta. Na yi istigfari, amma na riga na faɗa.

Su kuwa waɗanda aka sa wa gubar, ɗaya kawai ta kashe. Sauran suka gane, suka daina taɓa naman da ba su suka kashe ba.

Juma'a ce matsalata, don ita ce ranar da nake barin gonar na awa biyu ko uku. A makonnin farko ina kulle shi a ɗakin inji, sai wata Juma'a na dawo na same shi harshe a waje yana neman shiɗewa saboda zafin kwano. Juma'ar da ta biyo na ce igiya za ta fi. Na duba gonar kaf, ba inda ya kai bakin birka sanyi: ga inuwar dabino, ga damshi, ga ruwa in ƙishi ya kama shi. Na ɗaura igiyar a wuyansa da gindin itacen, irin ƙullin da mahaifina ya koya mini na ɗaure kwalekwale, wanda ƙara jansa ƙara kamawarsa. Har na yaba wa kaina dabara. Na yi wanka, na sa farar jallabiyata, na fita. Ya bi ni iyakar tsawon igiyar ya tsaya.

Ana cikin huɗuba abin ya faɗo mini. Liman na magana a kan wani abu dabam, ni kuwa sai na ji kunnena na hagu ya ɗauki ƙara, na ga akuyar nan a gaɓa. Rana tsaka, zafi ya kai inda ya kai, unguwa ba kowa, duk maza suna masallaci. Duk wani mai ƙishi a wannan yankin ruwa ɗaya ya sani, kuma ya san kafar da ake shiga. Zufa ta karyo mini. Ban san me aka karanta a sallar ba, Allah Ya yafe mini. Ana sallamewa na fita da takalmi a hannu.

Na tarar karnukan dajin sun riga sun shigo sun tafi. Sawunsu ne kawai a cikin laka, daga kafar magudana zuwa birka. Ƙasar da ke kewaye da itacen ta zama da'ira, karen ya yi ta zagayawa iyakar inda igiyar ta bar shi. Ta ɓangaren ɗakin inji ramin ya fi zurfi, nan ya yi ta tona yana ja. Tsakaninsa da rufin da yake hayewa bai fi taku biyar ba.

Yana da sauran rai. Da ya gan ni ya buga wutsiya a ƙasa, sau biyu. Na durƙusa na kama ƙullin in kwance, ya ƙi, don ya ja shi har ya zama kamar dutse. Sai da na ɗauko laujen da nake yankan dabino na datse igiyar. Na ɗauke shi a ƙirjina da farar jallabiyar, na kai shi ɗakina na shimfiɗa masa buhu. Ban taɓa sanin haka yake da rashin nauyi ba. Na zauna hannuna a kansa, ina shafa karyayyen kunnen, ina ba shi haƙuri da Hausa. Kafin la'asar ya cika.

Baba ya leƙo ta kan katanga lokacin da nake haƙa rami. Ya daɗe yana kallona, ya ga jinin da ke rigata.

"La haula. Gubar ce, ya waladi?"

Na ji tsoron da ke muryarsa. Da na ce e, da mun raba nauyin mu biyu.

"A'a, Baba," na ce. "Bai ci komai ba. Ni na ɗaure shi."

Guntun igiyar yana nan a gindin dabinon har na bar gonar. Na sha gwada kwance shi, bai kwantu ba.