Bargon dokin Bature

Jiya a unguwar Laranto na ji wani matashi yana cika baki wai Jos garin dawaki ne tun zamanin Turawa. Na ce ɗan nan, gaskiyarka, amma ni na kwashe kashin dawakin.

Lokacin Turawan kuza, kafin a ba mu mulkin kai, ni ke kula da dokin wasan folo na wani Bature. Dokin nan yana da bargo biyu, yana da likita, har sukari ake ba shi a tafin hannu. Ni kuwa tabarma gare ni a Anguwan Rogo.

Sai matata ta haihu cikin tsananin sanyin nan namu, jaririn ya kama tari. Na je na durƙusa, na roƙi tsohon bargon dokin, wanda ya yage.

Bature ya zabura da Hausarsa ta tsiya: "Yaro yana tari?"

"Yana yi, ranka ya daɗe."

"Kai ka taɓa yaro?"

"Oga, ɗana ne fa."

Ya ja da baya. "Ɗauki bargo, tafi gida! Kada ka zo kusa da doki sai yaro ya warke!"

Haka na zauna na yi jinyar ɗana cikin bargo mai warin doki har ya miƙe. Yau shi ma furfura gare shi.

Hutun farko a rayuwata ke nan. Ku da kuka yi boko, ku gaya min: wa zan gode wa, Bature ko doki?